Masu kallon Shrinking, yafiyar da aka yi wa Louis ta shiga ranku kuwa?

Maman_Afnan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu kallon Shrinking na Apple TV ku matso kusa, na gama sizin 2 kuma abin ya tsaya min a rai, a gidanmu kuwa ba mai kallo balle na samu abokin musu. Wanda bai kai nan ba ya wuce kawai dan zan fasa ƙwai.

Ga wanda bai san shi ba, labarin wasu likitocin damuwa ne su uku da suke aiki a wuri ɗaya a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, irin waɗanda ake zuwa a zauna a kujera a zazzage musu abin da ke ciki. Akwai Jimmy wanda Jason Segel ya fito a matsayinsa, matarsa Tia ta rasu a hatsarin mota ya bi ya lalace, shaye-shaye da kwanan banza, 'yarsa Alice ma maƙwabciyarsu Liz ce ta koma kula da ita kusan shekara guda. Sai Gaby ƙawar marigayiyar, sai ogansu tsoho Paul wato Harrison Ford. Abin dariya ne amma wlh sai ka tsinci kanka kana share hawaye ba ka san lokacin da suka zubo ba.

To tambayata kan Louis ce, direban da ya sha giya ya tuƙa mota ya yi sanadin mutuwar Tia. Ya yi zaman gidan yari ya fito, kawai sai ga shi a ofishin Jimmy wai ya zo neman gafara, Jimmy ya daka masa tsawa ya kore shi, wannan kam na fahimta ɗari bisa ɗari. Amma daga nan sai Brian, aminin Jimmy fa, ya koma zuwa wajensa a ɓoye suna hira, sai Alice da kanta wadda aka kashe wa uwa, bayan ta je shagon kofin da yake aiki ta zazzaga masa masifa, ta dawo ta ce ta yafe masa, har suna zama cin abinci tare ana ba da labarin mamanta ana dariya. A ƙarshe kuma aka maida Jimmy kamar shi ne mai laifi dan ya ce wa mutumin ya fita daga rayuwarsu, sai da ya bi shi har tashar jirgin ƙasa ya zauna kusa da shi sannan aka nuna mana wai yanzu ya warke.

Na yi kuka a wurin tashar nan, ba zan ɓoye ba. Amma da na kashe wayar sai na ji haushi. Yafiya daban, abota daban. Mutum zai iya cewa na yafe maka tsakanina da Allah, amma dole ne sai ya riƙa ganin fuskarka? Ni kaɗai ce nake ganin an matsa wa Jimmy lamba ko kuwa akwai wanda ya ji irin abin da na ji?

Abba_Rigasa:

Wa alaikumus salam Maman Afnan. Ni kuma akasin haka na ji, kuma ina da dalili.

Yayana mota ce ta kaɗe shi yana kan babur, direban wata bas ce ta haya, ba giya ya sha ba gudu ne kawai da rashin birki mai kyau. Tun kafin a yi sadakar uku 'yan uwan direban suka zo da shugabannin tasharsu da wani limami, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Baffanmu ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira ba ma son ko sisi. Kowa ya ce Allah ya saka da alheri, aka shafa fatiha aka tashi. Direban yana can gefe a tsugune ya haɗa kai da gwiwa, takalminsa silifa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da leda, wannan ledar har yau ina ganinta. Ba wanda ya tambayi Hajiyarmu ko matar marigayin ko su sun yafe, suna cikin gida, labari kawai aka kai musu cewa an yafe.

To Hajiya har yanzu in ta ga irin bas ɗin nan sai ta kau da kai. Ba ta taɓa cewa ba ta yafe ba, ba za ta ma faɗa ba, amma ba ta taɓa samun damar kallon mutumin ta ce masa ka san wa ka kashe min kuwa, ka san yana da yara uku, ka san shi yake kawo min goro duk Juma'a. Abin da Alice ta samu kenan. Ta je ta yi masa ihu tukunna, ta faɗi duk baƙar maganar da ke cikinta, sai daga baya yafiyar ta zo da kanta. Kuma ki lura abin da Louis ya roƙa a wajenta, ya ce ta ba shi labarin mamanta. Yarinyar nan a gidansu ba mai iya maganar Tia ba tare da gida ya rikice ba, sai ga mutum ɗaya a duniya da yake so ya ji komai game da ita.

Dan haka ni ban ga sauri a yafiyarta ba, tamu ce ma mai saurin. Ba ina sukar abin da Baffa ya yi ba ne, addini ya kwaɗaitar da yafiya kuma ya hana rigimar ta yi nisa, sai dai akwai waɗanda aka yafe da sunansu ba a ji ta bakinsu ba.

Sista_Hauwa:

Allah ya jiƙan yayanka Abba, ya ba Hajiya haƙuri.

Ni a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki a wani asibiti, dan haka kallon fim ɗin nan rabi dariya nake rabi ina dafe kai. Bari na fara da Louis sannan na zo kan abin da ya fi damuna.

Maman Afnan ina ganin akwai wurin da ya wuce ki. Fim ɗin bai ce Jimmy ya yi laifi dan ya ƙi abota da Louis ba. Abin da ya fito daga baya shi ne duk sanda ya ga Louis ba hatsarin kaɗai yake tunawa ba, shekarar nan yake tunawa da ya watsar da 'yarsa lokacin da ta fi buƙatarsa, yana bakin wurin ninƙaya da ƙarfe ukun dare da kwalabe da 'yan mata ita kuma tana cin abincin dare a gidan maƙwabta. Wannan kunyar ce ba ya son kallo, Louis kuma shi ne yake tuna masa ita. Kuma yafiyar da ya fara yi ai ta baki ce, ya je ya ce na yafe maka amma kar na ƙara ganinka kusa da iyalina, ya yanke wa Alice hulɗar da take samun sauƙi da ita ba tare da ya tambaye ta ba. Shi ya sa ta yi fushi. Muna ganin irin wannan sosai a wurin aiki, mutum ya zo yana ta faɗa da wani, in aka bi a hankali sai ka ga kansa yake tuhuma.

Amma fa maganar aikin Jimmy, dan Allah kar wanda ya kalli fim ɗin nan ya zaci haka ake yi. Ya gaji da sauraron mutane suna maimaita matsala ɗaya, sai ya fara gaya musu abin da za su yi kai tsaye. Ya ce wa Grace ta rabu da mijinta Donny ko shi ya daina ganinta. Mai kallo zai tafa dan mijin mugu ne, amma duk wanda ya yi aiki da matan da ake zalunta a gidan aure ya san lokacin fita shi ne lokaci mafi hatsari, ba a yin sa da gatse, sai an shirya inda za ta je da wanda zai tsaya mata. Kuma in ka ba mara lafiya sharaɗi irin wannan, ranar da ta koma gidan mijin ba za ta gaya maka ba, kuma haka ɗin aka yi, ta koma tana ɓoye masa. Ƙarshen sizin 1 kowa ya ga abin da ya faru, ta hankaɗa mutumin daga saman dutse, Allah ya sa bai mutu ba, ta kwana a kurkuku.

Sai Sean, tsohon sojan da ya dawo daga Afganistan da saurin fushi. Ka kai shi wurin dambe ya huce, to wannan ma da magana, amma ka ɗauko mara lafiyarka ka ajiye shi a ɗakin bayan gidanka inda 'yarka budurwa take? A zahiri wannan kaɗai ya isa a ƙwace maka lasisi. Dalilin dokar kuwa ba wai taurin kai ba ne, in likitanka ya zama mai gidanka kuma abokinka to akwai abubuwan da ba za ka ƙara iya gaya masa ba dan kar ya ji ba daɗi ko ka rasa wurin kwana. Na ji daɗi da a sizin 2 Paul ya karɓe Sean ya zama shi yake duba shi, nan marubutan suka nuna sun san abin da suke yi.

Tsarin da suke bi a wurin Paul shi ne CBT, wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, a kama tunanin da yake zuwa wa mutum a duba gaskiya ne ko ba gaskiya ba, a ba shi aikin da zai je gida ya gwada. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, in aka nuna shi yadda yake ba wanda zai kalla.

Duk da haka ina son fim ɗin. Watan da aka fara haska shi, Janairun 2023, a watan ne aka sanar Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma har yau in ka ce wa mutum ya je ya ga likitan damuwa sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Dawanau ko Kware. Ganin lafiyayyun mutane masu aikin yi suna zuwa su zauna su yi magana su koma gida, ko ba komai yana rage wannan tsoron.

dan_sabongari:

Ku kuna ta zurfafawa ni dai saboda Harrison Ford nake kallo hhhh. Mutumin da muka sani da bulala da hula yana tsalle a Indiana Jones, an haife shi 1942 fa, sai ga shi a mota Gaby tana kai shi aiki suna rera waƙa da ƙarfi, ko yana zaune yana lasar alawar yara fuska a murtuke. Wlh ko magana bai yi ba hararar kaɗai ta isa. Sai Derek mijin Liz, bawan Allah ba ruwansa da kowa, ni a fim ɗin gaba ɗaya shi kaɗai ne ba ya buƙatar likita.

Amma gargaɗi ga wanda zai fara, ba na kunnawa a falo da yara ko gaban su Hajiya ba ne, akwai ashar sosai da shaye-shaye da maganganun manya. Kuma abin Jimmy da Gaby ni bai min ba sam, ƙawar matarka marigayiya? Haba.

Maman_Afnan:

Abba Allah ya gafarta masa, wlh maganarka ta taɓa ni, ban taɓa tunanin matan da ke cikin gida lokacin da ake yafewa a waje ba.

Sista Hauwa na yarda da ke kan cewa kunyarsa yake gudu. Amma har yanzu ina nan kan bakana ta wani ɓangaren. In da Louis bai je tashar nan da niyyar hallaka kansa ba fa? Ai sai da marubutan suka kai shi bakin mutuwa, abokin aikinsa ya janye gayyatar da ya yi masa ta cin abincin Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, bayan ya ji abin da ya aikata, ya tura wa Alice saƙo ba ta gani ba, sannan Jimmy ya zo. To a irin wannan halin waye zai ce kar a je? Ko maƙiyinka ne ka je ka riƙe shi. Ceton rai ne wannan, ni ban ɗauke shi amsar tambayata ba.

MalamHabu_Zinder:

Maman Afnan ina bayanki, kuma zan ƙara da abin da ya fi wannan. An gyara Louis ne yadda yafe masa zai yi sauƙi. Ku duba kashi na 8 da aka koma baya aka nuna daren hatsarin, mutum ne mai hankali da ladabi, yana da budurwar da zai aura, ɗan abin da ya sha a wurin cin abinci ne ya ce ai zai iya tuƙi, bayan abin ya faru kuma shi da kansa ya kori yarinyar daga rayuwarsa dan kar ya ja ta cikin bala'insa. Kullum ido jawur, murya ƙasa-ƙasa. Kuma wa ya fito a matsayinsa? Brett Goldstein, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiri shirin shi da Bill Lawrence da Jason Segel, wanda mutane suka riga suka so shi tun a Ted Lasso. To wa zai ƙi wannan? Da sun isa su kawo mana ɗan giya na gaske wanda aka sha kamawa, ya fito daga kurkuku yana cewa ai ba laifinsa ba ne, sannan mu ga ko Alice za ta zauna cin abinci da shi. Nan ne za a san ana maganar yafiya.

Matsalata da shirin gaba ɗaya kenan, kowa mutumin kirki ne. Duk wanda ya yi kuskure kafin minti talatin ya cika ya gane, ya zo ya ba da haƙuri da kalmomi masu daɗi, an rungume juna. Ba mai riƙo na shekara goma, ba wanda ya mutu ba a shirya da shi ba. Ga gidaje manya-manya, ba wanda ya taɓa zancen kuɗin ganin likitan ma, alhali a Amurka ba ƙaramin kuɗi ba ne. Likitoci uku amma rabin ranarsu a kicin ɗin ofis suke suna tsokanar juna.

Wadda na yarda da ita ita ce Liz. Irin maƙwabciyar nan ce da ta san abin da aka dafa a gidanka kafin a sauke tukunya, ga baki ga shisshigi, amma ranar da aka yi maka mutuwa ita ce za ta kwashe yaranka ta yi musu wanka. Kuma da Jimmy ya farfaɗo yana son karɓar 'yarsa sai ta ji zafi, ta kasa sakin yarinyar, dan nata yaran sun girma sun bar gida. Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Duwatsun nan da take gogewa tana ba wanda ta so kawai, mutane manya suna hanƙoron a ba su dutse, ya ban dariya sosai.

Ummi_K:

Malam Habu ban yarda kowa yana samun sauƙi ba, ka manta da Paul. Shi nasa ciwon ba haƙurin da za a bayar ya tafi.

Babanmu yana da Parkinson's, ciwon karkarwar nan, dan haka ni duk wannan zancen Louis ɗin a gefe yake a wajena. Abin da suka kama daidai shi ne ɓoyewa. Paul ya daɗe bai gaya wa 'yarsa Meg ba, yana likitan da yake koya wa mutane faɗin gaskiya. Baba ma haka ya yi, hannun yake sakawa cikin aljihun riga in baƙi sun zo, ya daina shan shayi a gaban mutane dan kofin yana kaɗawa yana zuba, in an kawo sai ya ce ya ƙoshi. Ranar da aka ce ya daina tuƙi kuwa gidan nan ba wanda ya sha ruwa da daɗi. Da na ga Paul yana gardama kan mota sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje.

Jawabin da ya yi a kashin ƙarshe na sizin 2, ya tsaya gaban kowa hannu yana rawa bai ɓoye ba, yana cewa ya san abin gaba zai yi ba baya ba amma zai jingina da su, ni a wajena ya fi wurin tashar jirgin nesa ba kusa ba. Ba mamaki da aka sa sunan Harrison Ford a takarar lambar yabo ta Emmy a 2025, karo na farko a rayuwarsa. Kuma a 2025 sun sanar jarumi Michael J. Fox zai fito a sizin 3, shi da yake fama da ciwon da gaske tun 1991, ina jira amma ina tsoro.

Dabarar nan da Paul ya koya wa Alice a kan benci, ki ware minti 15 ki kunna abin da zai tuna miki ki yi kukanki iya kuka, in lokaci ya cika ki tashi ki ci gaba da harkarki, na gwada ta. Ni ba waƙa nake sawa ba, bayan sallar isha'i nake zama a kan darduma. Sista Hauwa ko a wurin aikinku ana ba da irin wannan shawarar ko ta fim ce kawai?

Sista_Hauwa:

Ummi akwai makamanciyarta, ana ce wa mutum ya ware wa damuwa lokacinta a rana dan kar ta cinye masa yinin gaba ɗaya, wasu tana yi musu aiki wasu kuma minti 15 ɗin sai ya zarce har dare. In kin ga kina tashi daga dardumar kin ji sauƙi ki ci gaba. In kuma barci ya fara gagararki ko abinci ya fita ranki sati da sati, ki je a duba ki, masu jinyar iyaye suna yawan manta kansu. Allah ya ba Baba sauƙi.

Malam Habu maganarka kan Louis gaskiya ce, an sauƙaƙa shi. Amma da sun kawo wanda ba ya nadama ai labarin zai koma kansa ne, mu zauna muna jiran ya shiryu. Da suka kawo wanda ba abin da ya rage ya yi, ya yi kurkuku ya nemi gafara ya rasa komai, sai ya zama ba inda Jimmy zai laɓe. Ni dai a haka na kalle shi. Maman Afnan kuma ki lura ko a tashar ba wanda ya ce sun zama abokai, zama kawai suka yi suna kallon masu jiran jirgi suna ƙirƙira musu labari, sai mu ga abin da sizin 3 zai yi da shi.